Akwatin da Baba Mati Ya Zauna a Kai

Na san abin da kuke faɗa a kaina game da amfilifayar nan, na'urar ƙara sautin jitata, don Bilki ba ta iya ɓoye magana ba tun tana ƙarama, da an miƙa mata tsinken tsire take zazzage duk abin da ta ji. Kuna cewa uwarku ta kwashe adashinta sukutum ta ba ni in sayo babbar amfilifaya in shiga ƙungiyar da za ta fitar da mu daga ɗaki ɗaya, ni kuwa saboda rowa da tsoron duniya na je na ɗauko wata 'yar ƙarama mai arha, na zauna ina kiɗan suna a lungunan Agege har kaina ya yi fari. Rabin maganar gaskiya ce. Ta ba ni kuɗin, ƙaramar na sayo, kuma a Agege na zauna. Amma babu rowa a cikin zancen. Yanzu da babu wanda zan tona wa asiri idan na buɗe baki, ku zauna ku ji yadda aka yi, kai Nasiru ka fi kowa buƙatar ji tun da kai ne mai yawan girgiza kai.

Kakanku Garba mahauci ne, kun san wannan. Abin da ba ku sani ba shi ne bai zo Legas shi kaɗai ba. A taragon shanu ɗaya suka sauka da Baba Mati mai kalangu, suna samari, shi da wuƙarsa, wancan da gangarsa a hammata. Kalangu kiɗan mahauta ne, kowane mahaucin kirki yana da takensa, wato ɗan kiɗan da idan aka buga ko yana bayan gida ya san da shi ake. Baba Mati yana riƙe da taken kowa a kansa, na masu rai da na waɗanda suka mutu, har da na waɗanda suka koma arewa ba su sake leƙowa ba. Ni kuma na tashi hannuna ba ya son wuƙa. Wani Buzu ɗan Agadas da ke gadi a bayan layinmu ya koya mini jita, ranar da kakanku ya gan ni da ita kuwa ya rantse sai ya fasa ta a kaina. Baba Mati ne ya tare shi a bakin ƙofa.

"Garba, yaron nan fiɗar akuya ma sai ya huda fata. Ka bar mini shi."

Haka aka bar masa ni. Bayan rasuwar kakanku muka zama mu biyu, kuma Allah ya sa haɗin ya karɓu. Samari sun daina zuwa wurin kalangu zalla, dattawa kuma ba su ɗauki jita a bakin komai ba, amma idan muka haɗu sai kowa ya samu nasa. Ni nake jan waƙa, in na ga wani Alhaji ya shigo sai in sauya, Baba ya faɗo da takensa, mutumin ya taso yana gyara babbar riga ya zo ya yi liƙi. Aikinmu na rana ne, daga azahar zuwa kusan magariba, suna da ɗaurin aure da walimar dawowa daga Makka. A toshe layi da rumfa, a jera kujerun roba, janareta yana ta ihu a bakin kwata, mu kuma muna ƙoƙarin a ji mu a kansa. Kayan aikina a lokacin wata tsohuwar amfilifaya ce irin ta masu tallar magani, da lasifikar ƙaho da nake ɗaurawa a jikin sandar rumfa. Jita a cikinta kamar ana kiran fasinja a tasha, amma tana yi.

A shekarar da nake ba ku labari abubuwa uku suka taru a kaina. Na farko, Baba ya fara ba ni haushi. Sai in sauya waƙa ya ci gaba da ta baya, sai in tsaya ya ƙara bugu biyu shi kaɗai, idonsa kuma kullum yana kan hannuna kamar mai tsoron zan sace wani abu. Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi, har na yi masa magana mai zafi a gaban mutane, ya dube ni ya yi murmushi. Wannan murmushin ya fi komai ƙona mini rai. Na biyu, ruwan sama ya same mu a wani suna, ya bi ta ɓular rumfa ya sauka a kan amfilifayar, ta yi tartsatsi ta mutu. Na uku shi ne Oga Femi. Bayarabe ne mai ƙungiyar kiɗa da ke wasa a manyan ɗakunan biki na Iyana Ipaja, ya ji ni a wani wuri ya aiko a kira ni. Yana son salon jitar Buzaye a cikin kiɗansa, ya ce wuri yana nan, duk Asabar akwai aiki, kuɗi kuma a hannu ba jiran liƙi ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kowa da kayansa yake zuwa, kuma dole in zo da amfilifayar da za ta iya cika ɗakin biki. Asabar kuwa ita ce ranar bukukuwan mahauta, don haka ba a haɗa biyun. In na bi Oga Femi, Baba ya koma shi kaɗai da kalangun da ba a ƙara gayyata shi kaɗai.

Muna zaune a gidan haya irin mai ɗakuna suna kallon juna, mu huɗu a ɗaki guda, labule ne ya raba gadonmu da tabarmarku. Uwarku Hajara 'yar Zariya ce, ba jinin mahauta ba, ba ta shiga cikin matansu sosai. Waina take soyawa a bakin ƙofa tun asuba, hayaƙi ya ci idonta har ta fara ganin dishi-dishi. Na gaya mata zancen Oga Femi. Sai da ɗaukar adashinta ta zagayo, wanda ta yi niyyar sayen keken ɗinki da shi don ta huta da wuta, ta ɗaure kuɗin a gefen zani ta ajiye mini a kan cinya.

"Baban Nasiru, ka sayo babbar. Wadda za a ji ka tun daga titi."

"Keken fa?"

"Keke ba zai gudu ba. Nasiru ya fara girma, ba na son ya ci gaba da kwana a bayan labulen nan."

Na karɓa, kuma Allah ne shaidata da niyyar sayen babbar na fita. Na biya na ɗauki Baba, na ce ya zo da kalangunsa ya raka ni kasuwar Mushin. Dalilina biyu ne. Ban taɓa yarda in sayi abin kiɗa ban ji shi tare da ganga ba, sannan ina so in gaya masa zan bar shi, kuma na fi son in faɗa a hanya inda ba za mu daɗe muna kallon juna ba. A cikin danfo, ƙaramar bas ɗin hayar nan ta Legas, muna matse a kujerar baya, kwandasta yana ta kururuwa, na karkata na faɗa masa komai, Oga Femi da Asabar da sharaɗin da duk sauran. Na gama ina jiran ya yi faɗa ko ya yi shiru irin na ɓacin rai. Sai ya gyaɗa kai da fara'a.

"Madalla, madalla. Allah ya kai mu lafiya."

Na ji zafin wannan amsar. Na ce a raina ashe mutumin nan dama ya gaji da ni.

Shagon na wani Ibo ne da ake kira Emeka, shagon kuwa ɗan lungu ne cike da kayan tokumbo, wato waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje aka kwaso, an jibga su har rufi. Da Turancin buroka muka yi cinikin, yana jefa 'yar Hausar da ya tsinta a Kano. Ya ji kuɗin da ke hannuna ya fito mini da guda uku. Ta farko tsohuwa ce mai bawul zalla, waɗannan ƙwayayen gilashin da ke yin ja a ciki idan sun yi zafi. Sautinta kam babu magana, amma mutum biyu ne suka jawo ta, ta fi ƙarfin aljihuna, shi kansa Emeka ya ce in na ɗora ta a kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka zan riƙa sayen bawul kamar ina sayen goro. Ta biyu ita ce wadda na zo nema, mai taransisto zalla, kanta daban, sifikoki biyu manya da ake kafawa a kan sanduna, ƙara kamar za ta tsaga bango, kuma daidai kuɗin Hajara. Ta uku ban ma tambaya ba ya turo ta da ƙafa. Ɗan akwatin katako ne mai sifika ɗaya, tsayinsa bai kai gwiwa ba, maɓallansa a gaba, samansa a shafe da maɗauki na fata.

"Wannan ruwa-biyu ce, oga. Bawul ɗaya a gaba yana gyara murya, taransisto a baya yana ba da ƙarfi. Ba ta jin tsoron janareta, ba ta zafi, hannu ɗaya ka ɗauka ka hau okada. Amma ta ƙaramin wuri ce fa, kar ka ce ban gaya maka ba."

Na ce a fara da babbar. Aka kafa sifikokin a bakin shago, na saka waya, Baba ya tsaya a gefe ya saɓa kalangu. Muka fara, mutanen layi suka taru. Ƙara dai akwai, har ƙirjina nake jin ta, sai dai muryar jitar a bushe take kamar ana kaɗa kwano. Na sauya waƙa, Baba ya ci gaba da ta baya kamar yadda ya saba, sai da ya ga yatsuna sun koma wani wuri ya biyo ni a guje. Na haɗiye fushina. Don in cika ladabin ciniki na ce a gwada ƙaramar. Emeka ya kunna ta ya ce a jira bawul ya ɗumama. Baba ya gaji da tsayuwa, shagon kuma babu kujera, sai kawai ya zauna a kan akwatin. Emeka ya buɗe baki zai hana, na ce ya bar shi, tsoho ne.

Na taɓa tsirkiya, sautin ya fito da taushi da ɗan kauri, irin wanda Buzun nan ya ce mini jita take yi a garinsu. Amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Baba ne ya faɗo daidai, a kan bugun farko. Na sauya, ya sauya tare da ni. Na tsaya ba zato, ya tsaya cak. Na juya masa baya don kada ya ga hannuna, na yi ta yawo daga waƙa zuwa waƙa, ina jan sa ina sakin sa, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da na waiwayo na ga idonsa a rufe, fuskarsa kamar ta mutumin da aka dawo masa da kayansa da suka ɓata. Rabon da in ji kalangun nan yana magana haka har na manta. Na fara gane abin da ban so in gane ba. Na ajiye jitar na zagaya bayansa na kira shi da muryar da ko a kasuwa za a ji.

"Baba."

Bai motsa ba. Na sake kira, Emeka da ke can cikin shago ya ɗago kai, Baba yana nan yana gyara tsirkiyar kalangunsa. Ta katakon da yake zaune a kai yake jin kiɗan, ta ƙashin jikinsa. Duk abin da na faɗa masa a danfo bai ji ko kalma ɗaya ba.

Na ce wa Emeka za mu sha ruwa mu dawo. Na ja Baba zuwa wani lungu bayan masu gyaran fanka, na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina, na nuna kunnena na nuna nasa. Ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu.

"Na hagu ya tafi tun bara. Na dama ma ya kama hanya. Ƙarar janareta ce nake ji a kaina dare da rana, ko an kashe."

Na matsa bakina jikin kunnen daman na maimaita masa zancen Oga Femi, a hankali, kalma bayan kalma. Wannan karon ya ji. Bai roƙe ni in zauna ba, ku riƙe wannan da kyau, don kada wani ya ce tsohon ne ya danne ni.

"Ka sayi babbar ka tafi, Haruna, kana da yara. Abu ɗaya nake roƙonka. Makaɗin da aka san ba ya ji, ko kyauta ba a kiransa, sai dai a riƙa ba shi sadaka a ƙofar masallaci. Ni ban zo Legas don a ba ni sadaka ba. Kada kowa ya ji. Ko matarka."

"Baba, Hajara ba ta da surutu."

"Bangon gidanku yana da shi. Ka rantse mini."

Na rantse masa. Muka koma shagon, ina tafe ina lissafin abin da zai faru da shi. Matarsa ta rasu, bai haihu ba, ƙauyensu babu wanda ya san shi sai a labari. Ɗakin da yake kwana liƙin Asabar ne yake biyansa. Na tsaya tsakanin amfilifaya biyun nan, Emeka yana ta zuba, ni kuwa ba na jin sa. Ina ganin labulen ɗakinmu, ina ganin idon Hajara da hayaƙi ya rine, ina kuma ganin mutumin da ya tare ubana a bakin ƙofa. Ba zan ce muku na yi dogon tunani irin na masu hankali ba. Hannuna ne kawai ya kai kan maɗaukin fatar nan. Baba ya riƙe mini hannu yana girgiza kai, na ɗaga murya yadda duk shagon zai ji na ce ita ce ta fi daɗin sauti, kuma ni da kuɗina ba mai zaɓa mini. A kan cinyata na riƙo ta har Agege.

Hajara tana wanke kaskon waina na shigo. Ta dubi hannuna, ta leƙa bayana tana jiran masu ɗauko sauran kayan.

"Ina sauran?"

"Ita ke nan."

"Wannan ce za ta cika ɗakin bikin?"

"Na fasa zuwa wurin Oga Femi. Wannan ta fi daɗin sauti, kuma ta fi sauƙi. Ga canjinki."

Na ajiye mata abin da ya rage a kan tabarma. Ta dubi kuɗin kamar na ajiye mata mushe.

"Na ce maka ina son canji?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Kuɗin nan ya kwana ya wuni a inda na ajiye shi, tana share ɗaki tana zagaye shi, sai da na ɗauke da kaina na biya haya. Maƙwabta suka ji, kamar yadda suke jin komai, zance ya bazu cewa Haruna Jita ya ga babban wuri ya tsorata. Oga Femi ya ɗauki wani yaro ɗan Ilori a madadina. Yaron ne yanzu mai gidan benen nan da kuke nuna wa juna idan kun zo wucewa ta Iyana Ipaja, kuna tsammanin ba na ganinku.

Kafin shekara ta zagayo mai gida ya ƙara haya, idon Hajara ya ƙara lalacewa. Yayanta Sule ya zo daga Zariya, ya zauna a bakin gadona yana kallon akwatin a kusurwa, ya ce a gidansu akwai ɗakuna a rufe, makaranta kuma ta fi arha, a bar yara su je su yi karatu, uwarsu ta kula da su kafin abubuwa su daidaita. Babu wanda ya ambaci saki, ni ban sake ta ba, ita ba ta nema ba. Na raka ku tasha, Bilki tana barci a kafaɗata, kai Nasiru ka ƙi kallona. Na dawo na cire labulen na ninke, sai ɗakin ya yi mini girma. Abubuwan ba su taɓa daidaita ba.

Ba na so in yi muku ƙarya cewa shekarun da suka biyo baya duk baƙin ciki ne. Ranar Asabar ina da rai. In ɗauki jita a baya, akwati a hannu, in biya wa Baba, mu taka. Da mun isa sai in ajiye akwatin a tsakiyar rumfa in ce da ƙarfi, Baba zauna nan ka huta da ƙafar nan taka, shi kuma ya yi ta mita wai yaran zamani sun mai da shi tsoho. In kunna, mu jira bawul ya ɗumama, sai aiki. Ya yi kiɗa a shekarun nan irin wanda bai yi ba yana da kunne. Akwatin kuma bai taɓa ba ni kunya ba, janareta ya yi hawa da saukarsa, ruwa ya yi barazana, bawul ɗaya tak nake sauyawa in ya gaji. Amma sauran kwanakin mako dogaye ne. Na koyi dafa shinkafa a ƙaramar tukunya. Na koyi cin abinci a tsaye, don zama a tabarma ni kaɗai yana hana ni haɗiya. Da la'asar yaran maƙwabta suna dawowa daga Islamiyya da hayaniyarsu, sai in tsinci kaina ina kasa kunne ko zan ji muryar da na sani. Wani lokaci in je wurin Baba mu zauna a kan benci, shi ba ya ji, ni ba ni da abin faɗa, mu yi ta kallon masu okada har a kira salla. Kewa ta dame ni ƙwarai, kuma ban da wanda zan gaya wa, don duk wanda na gaya wa zai tambaye ni dalili.

Ina zuwa Zariya da salla, kuna gaishe ni kamar baƙon da aka ce a girmama. Uwarku ba ta taɓa rage mini komai na hakkin miji ba, ruwan wanka da abinci da shimfiɗa, amma hirar nan da muke yi a bayan labule ƙasa-ƙasa don kada ku farka ta tafi. Sau ɗaya ta sake tayar da zancen, a zuwana na ƙarshe kafin ciwo ya kwantar da ita. Muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa da hannu, don idon ba ya gani sosai.

"Baban Nasiru, tsakaninka da Allah, me ya sa ka sayo ƙaramar nan? Na yi ta juya abin a raina. Kai ba matsoraci ba ne, kuma ba marowaci ba ne. Ko ni ce ba ka so in ce na yi maka wani abu?"

Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Baba yana da rai a lokacin, yana kan aiki, kuma na rantse.

"Ita ce ta fi daɗin sauti, Hajara."

"To," in ji ta. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ba ta ga wata sallar ba. Kun san wannan ɓangaren fiye da ni, don kuna wurin, ni kuwa ina cikin mota a hanya aka binne ta.

Baba Mati ya yi shekaru kaɗan bayanta. Ranar Asabar ya yi kiɗan suna, ranar Talata ya cika, da kuɗin liƙinsa a aljihu aka same shi, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Wannan shi ne abin da na saya a Mushin, kuma ko yau aka mai da ni shagon nan akwatin zan sake ɗauka. Mahauta suka yi masa sutura ta mutunci. A zaman makoki, bayan an shafa fatiha jama'a sun ragu, na samu kaina kusa da Alhaji Ado, dattijon da ya rage a cikin tsaran kakanku. Na ga tunda mai asirin ya tafi, bari in sauke kayan nan ko sau ɗaya. Na rage murya na ce masa akwai abin da ba su sani ba game da Baba, ya daɗe ba ya ji. Alhaji Ado ya dube ni kamar na gaya masa cewa saniya tana da ƙaho.

"Haruna, wa bai sani ba? Mutumin da ya yi mana kiɗa tun muna samari, a ce kunnensa ya mutu ba mu gane ba? Tun kafin ruwa ya ci tsohuwar amfilifayarka muka sani."

Ya gyara zama yana murmushi, yana tsammanin daɗi yake sa ni ji.

"Ba ka lura duk mai zuwa liƙi sai ya zagayo ta gabansa ba? Mu muka ce a riƙa yin haka. Da muka ga dabarar akwatin nan taka kuwa, matanmu ne suke bi gida-gida suna gaya wa masu biki kada wanda ya kuskura ya kawo wa Baba kujera. Ai ka kyauta, yaro. Kowa ya san abin da ka yi, mun dai yi shiru ne don kada ya ji kunya."

Na tambaye shi ko zancen ya taɓa kai wa ga iyalina. Ya ɗan yi tunani ya ce ai ita ba ta cika shiga cikin matansu ba, kuma ta riga ta koma Zariya, ya ɗauka ni da kaina na gaya mata tun ranar.

Duk Agege ashe mutum ɗaya na iya ɓoye wa. Na yi masa sallama na fito bakin ƙofa, na tsaya a kan tarin takalman mutane ina neman nawa, na daɗe ban gane su ba.